Wa Ake Yi wa Makoki? Nazari a kan Fim ɗin Garayar Burma na Ichikawa Kon

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kalli fim ɗin Biruma no tategoto, wanda masu amfani da Faransanci suka fi sani da La Harpe de Birmanie, da wuya ya tashi daga mazauninsa jikinsa bai yi sanyi ba. Na kalle shi sau uku, da fassarar Faransanci a ƙasan hoto, kuma a kowane karo fitowar ƙarshe ta sosa mini zuciya kamar ban taɓa ganinta ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi masa nazari a tsanake, domin fim ɗin da ke iya sa mai kallo hawaye yana iya shagaltar da shi daga tambayar wa ake yi wa kukan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa makokin da ke cikin fim ɗin na gaskiya ne, an kuma gina shi da gwaninta, sai dai an yi masa iyaka. Iyakar ta tsaya ga matattun Japan, alhali a ƙasar wasu aka yi yaƙin, mutanen ƙasar kuma sun mutu da yawa. Za a fara da asalin fim ɗin da taƙaitaccen labarinsa, sannan a dubi salonsa, sannan abin da salon ya lulluɓe, daga ƙarshe a dubi yadda al'amarin ya shafe mu.

Dangane da sunan da aka ba fim ɗin a nan, ya kamata a yi ɗan bayani. Abin kiɗan da ake magana a kai shi ne wanda mutanen Burma ke kira saung, mai jiki kamar kwale-kwale da dogon wuya lanƙwasasshe, tsarkiyoyi na sauka daga wuyan zuwa jikin. A ƙasarmu abin da ya fi kama da shi shi ne biram na Buduman tafkin Cadi, wanda marigayi Malam Mamane Barka ya fito da shi duniya. An yi amfani da kalmar garaya ne saboda ita mai karatu ya fi sabawa da ita.

2.0 Asalin fim ɗin

Ichikawa Kon ya fitar da fim ɗin a 1956 a ƙarƙashin kamfanin Nikkatsu, cikin hoto baƙi da fari. Matarsa Wada Natto ce ta tsara labarin, Ifukube Akira ya yi kiɗan. An ciro labarin ne daga littafin Takeyama Michio, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a wata mujallar yara a 1947, ya zama littafi a 1948. Abubuwa biyu game da wannan marubuci suna da muhimmanci ga nazarinmu. Na farko, masanin adabin Jamusanci ne wanda bai taɓa taka ƙasar Burma ba sa'ad da ya rubuta littafin. Na biyu, don yara ya rubuta shi, yaran da da yawansu iyayensu maza suka tafi yaƙi ba su dawo ba, ba a kuma kawo gawarsu ba.

Lokacin fitowar fim ɗin ma abin lura ne. Mulkin sojan Amurka a Japan ya ƙare a 1952. A 1954 Japan ta sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da Burma, ta amince da biyan diyyar dala miliyan 200 cikin shekara goma. A 1956 rahoton tattalin arziki na gwamnatin Japan ya bayyana cewa zamanin bayan yaƙi ya wuce, a watan Disamba na shekarar kuma ƙasar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Ke nan fim ɗin ya zo ne a daidai lokacin da Japan ke neman fuskar da za ta koma cikin jama'a da ita. Ya kuwa samu karɓuwa: ya ci lambar San Giorgio a bikin fina-finai na Venis a 1956, an kuma sa shi cikin masu takarar lambar Oscar ta fim ɗin harshen waje. A 1985 Ichikawa ya sake yin sa da launi, jama'a suka yi tururuwa zuwa kallonsa. Nazarin nan ya dogara ne a kan na 1956.

3.0 Taƙaitaccen labari

Labarin ya fara a watan Yuli na 1945. Wata ƙaramar rundunar Japan tana ja da baya cikin daji, ta nufi iyakar Tailan. Shugabanta, kaftin Inoue, makarantar kiɗa ya yi, ya koya wa mutanensa rera waƙa tare. Ɗaya daga cikinsu, Mizushima, ya koyi kaɗa garayar Burma, yakan ɗaura zane irin na mutanen ƙasar ya shiga gaba leƙen asiri, ya sanar da ƴan uwansa halin hanya ta hanyar kiɗa. A wani ƙauye sojojin Ingila da na Indiya suka kewaye su da dare, amma maimakon harbi sai ɓangarorin biyu suka haɗu a kan waƙa ɗaya. A nan Japanawan suka ji cewa yaƙi ya ƙare kwana uku da suka wuce, suka ajiye makamai, aka tafi da su sansanin fursunoni na Mudon.

Turawan suka aiki Mizushima ya lallashi wata rundunar Japan da ta maƙale cikin kogon dutse ta ƙi miƙa wuya, suka ba shi minti talatin. Rundunar ta ƙi, ta kira shi matsoraci, aka yi mata ruwan wuta, shi kaɗai ya tsira. Wani mai zuhudu na addinin Buda ya yi jinyarsa. Da ya warke sai ya sace wa mutumin riga yana cikin wanka, ya aske kansa, ya kama hanyar Mudon. A hanya ya yi ta cin karo da gawarwakin sojojin Japan a yashe, ungulaye na shawagi a kansu. Abin da ya gani ya hana shi komawa cikin abokansa. Ranar da za su tafi gida ya zo bakin shingen waya ya kaɗa musu waƙar ban kwana, ya juya. A cikin jirgin ruwa kaftin ya karanta musu wasiƙarsa, inda ya bayyana cewa zai zauna a Burma har sai ya rufe ƙasusuwan ƴan uwansa.

4.0 Salo da abin da ya cim ma

Adalci ne a fara da abin da fim ɗin ya yi daidai. Babban jigonsa shi ne hakkin da matacce ke da shi a kan rayayye, kuma wannan jigo ba ƙirƙira ba ce. Cikin sojojin Japan kimanin dubu 300 da aka tura fagen Burma, wajen rabi ko fiye ba su koma gida ba. A yaƙin Imphal da Kohima kaɗai, tsakanin watan Maris da Yuli na 1944, rundunar Janar Mutaguchi Renya ta yi asarar fiye da mutum dubu 50 tsakanin matattu da raunana, da yawansu yunwa da zazzaɓi da atuni suka kashe su, har waɗanda suka tsira suka sa wa hanyar komawarsu suna hanyar fararen ƙasusuwa. Iyalai da dama ba su karɓi kome ba sai akwatin katako a naɗe da farin ƙyalle, wani lokaci da ɗan dutse a ciki. Ga masu kallo na 1956, gawar da Mizushima ke ja zuwa rami tana iya zama ta uba ko ta miji.

Ichikawa ya bi da wannan nauyi ba tare da hayaniya ba. Sau da yawa yakan ajiye kamara nesa, mutum ya zama ɗan ɗigo a tsakiyar fili, kamar a fitowar bakin kogi inda gawarwaki ke zube bisa laka, Mizushima ya rufe fuska ya ruga. Ba a nuna jini ba, ba a matso da hoto kusa don a tsorata mai kallo ba. Haka zalika an yi amfani da tazara wajen gina ƙarshen labarin: gada inda ya gitta abokansa bai amsa su ba, cikin babban gunkin Buda mai kishingiɗa inda ya ɓuya yana kiɗa suna neman ƙofa, da shingen waya. A kowane wuri suna jin sa, suna ganin sa, amma hannunsu bai kai gare shi. Har saƙon da ke tsakaninsu bakin aku biyu aka ɗora wa, ɗaya yana kiran sa gida, ɗaya yana ba da amsar cewa ba zai iya ba. Wannan dabara, wadda a takarda za ta yi kama da tatsuniyar yara, a cikin fim ta zama hanya mafi dacewa ta nuna mutanen da maganarsu ta ƙare.

Fitowar kogon dutse kuma suka ce kai tsaye ga aƙidar da ta hana sojan Japan miƙa wuya. An nuna cewa a cikin mutanen akwai masu shakka, amma ba wanda ya iya furtawa a gaban sauran. Duk wanda ya ce fim ɗin bai soki kome ba, to bai yi wa wannan fitowa adalci ba.

5.0 Abin da salon ya lulluɓe

5.1 Waƙar gida a gidan wasu

Fitowar da aka fi yabo ita ce ta waƙar dare a ƙauye. Waƙar ta Ingilishi ce, Henry Bishop ya tsara kiɗanta a 1823, ta shiga makarantun Japan da kalmomin Japananci a zamanin Meiji, kuma a harsunan biyu begen gida take magana a kai. Abin da ake so mai kallo ya ɗauka shi ne cewa abokan gaba ƴan Adam ne masu kewar iyalinsu. Hakan gaskiya ne. Amma a dubi wurin da aka tsaya ana rerawa. Masu ƙauyen, waɗanda suka shimfiɗa wa baƙi tabarma suka kawo musu abinci, sun sulale sun watse kafin a fara waƙar. Saura rundunoni biyu na dauloli biyu, ɗaya ta mallaki Burma tun ƙarni na 19, ɗaya ta ƙwace ta a 1942, suna kukan gida a tsakar gidan da suka kori masu shi. Fim ɗin bai nuna alamar ya lura da wannan ba. Sulhun da ya gabatar tsakanin Japan da Ingila ne, Burma kuwa dandali ce kawai da aka yi shi a kai.

5.2 Tufafin aro

Sau biyu Mizushima ya shiga kamar mutumin Burma, da farko da zane, daga baya da rigar zuhudu. Fim ɗin bai ɓoye cewa rigar sata ce ba, ya kuma nuna talakawa suna durƙusawa suna ba shi abincinsu bisa zaton malami ne, abin da ke sa mai kallo jin kunya tare da shi. Wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo. Sai dai daga nan ba a sake komawa kan bashin ba. Daɗin daɗawa, a mazhabar Buda ta Burma an hana mai zuhudu kiɗa da waƙa, don haka hoton da fim ɗin gaba ɗaya ya rataya a kansa, wato mai zuhudu rungume da garaya, hoto ne da mutumin Burma zai gani ya yi mamaki. Wanda bai san ƙasa ba ne ya zana shi, kuma mafi yawan fim ɗin a Japan aka ɗauke shi. Ba ƙaramin kuskure ba ne, domin yana nuna cewa addinin mutanen da al'adarsu kayan aiki ne na warkar da zuciyar baƙo. Mutumin Burma ɗaya da aka ba baki sosai ita ce tsohuwa mai tallar kayan marmari, ƴar wasan Japan Kitabayashi Tanie ce ta fito a matsayinta, tana magana da karin harshen Osaka don ban dariya, kuma ba ta da damuwar da ta wuce ta sojojin.

5.3 Darasin ma'aikatan jinya

A ganina, mabuɗin fim ɗin yana wata ƴar gajeriyar fitowa a Mudon. Mizushima ya iso ke nan, yana gab da komawa cikin abokansa, sai ya ga ma'aikatan jinya na Ingila tsaye a bakin kabari suna rera waƙar addini ga sojojin Japan da ba a san sunayensu ba. Wannan ne ya juya shi. To, me ya gani a nan? Ya ga mutane suna girmama gawar abokin gabarsu. Darasin da ke fili shi ne cewa hakkin matacce bai san ƙabila ba. Amma abin da Mizushima ya ɗauka shi ne kunyar cewa baƙi na yi wa nasa abin da shi bai yi musu ba, sai ya koma ya rufe nasa. A bakin kogi ma mutanen ƙauye suka ɗauki kayan haƙa suka taya shi. Ke nan a cikin fim ɗin Bature ya rufe Bajapane, mutumin Burma ya rufe Bajapane, Bajapane ya rufe Bajapane. Ba a ga Bajapane ya tsaya a kan gawar wani ba, ba a ma nuna gawar mutumin ƙasar ko ɗaya ba. Fim ɗin ya kai bakin ƙofa da kansa, ya leƙa, ya komo.

5.4 Mudon a taswira

Wani zai ce ba a tuhumar fim da abin da bai ɗauki alkawarin nunawa ba. Amma wurin da labarin ya zaɓa shi ne ke tayar da tambayar. Mudon tana kan hanya tsakanin Mawlamyine da Thanbyuzayat, a Thanbyuzayat kuwa layin dogon da sojan Japan ya shimfiɗa daga Tailan ya ƙare. Tsawonsa kilomita 415, an gama shi a watan Oktoba na 1943. Fiye da fursunonin yaƙi dubu 12 suka mutu a aikinsa, tare da leburorin tilas na Asiya da aka ƙiyasta sun kai dubu 90, cikinsu har da mutanen Burma masu yawa. A watan Yuli na 1945, watan da fim ɗin ya buɗe da shi, sojojin Japan sun kashe mutum kimanin 600 a ƙauyen Kalagon na wannan yanki, suka zuba gawarwakin cikin rijiyoyi, aka kuma yi shari'ar al'amarin a Rangun a 1946. Tun ranar 27 ga Maris na 1945 rundunar Aung San ta riga ta juya bindiga kan Japan. Mai zuhudun da ya ɗauri aniyar bin wannan ƙasa yana tattara ƙasusuwa, ta yaya zai bambance na sojan Japan da na leburan da ya mutu a ƙarƙashin sandarsa?

Fim ɗin ya buɗe ya kuma rufe da rubutu a kan jan launin ƙasar Burma da duwatsunta. Wasiƙar Mizushima kuma ta ɗauki wahalar duniya a matsayin asirin da ɗan Adam ba zai gane dalilinsa ba. Da wannan yaƙi ya tashi daga aikin da wasu mutane suka shirya suka aikata, ya koma masifa irin ta fari ko ambaliya, wadda ba a tambayar wa ya jawo ta.

6.0 Kwatanci da Nobi

Shaidar cewa wannan iyaka zaɓi ce tana cikin aikin Ichikawa kansa. Shekara uku bayan haka, a 1959, shi da Wada Natto suka fitar da Nobi, wanda aka sani da Feux dans la plaine, daga littafin Ooka Shohei, marubucin da ya yi aikin soja a Filifin aka kuma kama shi fursuna. A can ma soja ne ke yawo shi kaɗai cikin gawarwaki, amma ya harbe wata mace ƴar ƙasar a wurin da aka ɓoye gishiri, yunwa kuma ta kai abokansa ga cin naman mutum. Babu waƙa, babu mai yafewa. Idan aka jera fina-finan biyu za a ga cewa na farko ya fito daga alƙalamin wanda ya zauna gida yana tausayin waɗanda suka tafi, na biyu daga wanda ya je ya san abin da hannunsa zai iya aikatawa. Ba abin mamaki ba ne cewa na farkon aka sake yi da launi a 1985.

7.0 Inda abin ya shafe mu

Yaƙin Burma ba baƙon labari ba ne a ƙasar Hausa. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta ɗiba daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓi Myohaung a watan Janairu na 1945, wasu bataliyoyin Najeriya kuma sun shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Hausawa na da yawa a cikinsu, Hausa kuma ta daɗe tana zama harshen bariki. Sunayen Burma Camp a Akara, barikin Dodan a Legas da barikin Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Rashin ganin waɗannan mutane a fim ɗin ba laifinsa ba ne, tunda galibi a yammacin ƙasar suka yi yaƙi, labarin kuwa a kudu maso gabas yake. Abin da ya sa aka ambace su shi ne cewa jar ƙasar da fim ɗin ke kuka a kanta ta haɗiye su su ma, don haka mai kallo Bahaushe yana da dalili na musamman na lura da wanda aka ƙirga da wanda aka tsallake.

Sai dai tambayar tana da kaifi biyu. Ƴan Nijar ba Burma aka kai su ba, Indoshin aka kai su ƙarƙashin tutar Faransa kafin 1954. Oumarou Ganda na cikinsu, ya ba da labarin abin da ya gani a fim ɗin Jean Rouch, Moi, un noir, na 1958, sannan ya gina nasa fim ɗin, Cabascabo, a kan tsohon sojan da ya dawo Yamai kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse. Idan muka tashi tuna waɗannan iyaye namu, abin da ke zuwa bakinmu shi ne wahalarsu da fanshon da aka danne musu, kuma gaskiya ne. Amma ƙauyukan Biyetnam da aka tura su ciki fa? Tarkon da Ichikawa ya faɗa yana buɗe a gaban duk mai rubuta tarihin nasa.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa Garayar Burma fim ne mai ƙarfi wajen bayyana hakkin matacce, mai ƙarfin hali wajen sukar aƙidar mutuwa maimakon miƙa wuya, amma ya taƙaita tausayinsa ga al'umma ɗaya, ya mai da Burma da mutanenta shimfiɗa. Aikin da Mizushima ya ɗaukar wa kansa bai ƙare ba: a 2016 majalisar Japan ta kafa dokar da ta ɗora wa gwamnati nauyin kwaso ragowar matattun yaƙi, a lokacin fiye da mutum miliyan 1 ba a dawo da ƙasusuwansu ba. Leburorin layin dogo kuwa mafi yawansu ko sunayensu ba a rubuta ba.

Shawarar da zan ba abokan aiki masu son nuna wa ɗalibai wannan fim ita ce su nuna shi, domin ya cancanta, amma su haɗa shi da Nobi a mako guda, su kuma shigo aji da taswirar kudancin Burma. Bayan an kunna fitila, a bar ɗalibai su share ido, sannan a tambaye su gawa nawa suka gani, kuma ta su wa ce.